Kornet ce, ba RPG ba

Malam mai rahoto, ka ce RPG, wato rokar da ake harbawa daga kafaɗa, ita ce ta ƙone tankar yaƙin nan a Khartoum, babban birnin Sudan, amma bututun da ke hoton, bisa ƙafa uku, Kornet ce, makami mai linzami na fasa tankar yaƙi, ƙirar Rasha. RPG da an harba, ta tafi ke nan. Ita Kornet sai mai harbi ya kafa ido a madubin hange, tana bin hasken lesa har kilomita 5, ta huda sulke. Mutum biyu sun isa ɗaukarta. Abin da ke ci mini rai, da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 cikin unguwanni aka yi ta wannan ɓarin wuta. Yayana da ya gudo garin Gadarif a gabashin Sudan ya ce wata Kornet ta kuskure mota, ta faɗa ɗakin maƙwabcinsu. Katangar laka me za ta tare? Yara biyu na ciki, Allah Ya jiƙansu.