Gefen taya ba a yi masa faci, a daina laɓewa bayan ƙaddara

Wallahi tun jiya nake danne zuciyata amma abin ya ƙi dannuwa. Yaron nan ɗan okada da tayar mashin ta kayar yana kwance hannu a ɗaure, kwalta ta kwashe masa fatar cinya, amma wai har yanzu abin da ake maimaitawa a majalisa shi ne "ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa". To mun ji, mun kuma yi imani da ƙaddara mai kyau da marar kyau. Amma tayar gaba da ta tsage a gefe aka cusa mata guntun tsohuwar taya daga ciki aka hura iska aka ce Bismillah, ita ma ƙaddarar ce ta cusa? Duk wanda ke tsayawa a tashar okadar nan tamu ta Agege a Legas ya ga tayar nan da idonsa, gefenta ya yi ƙululu kamar maruru ya nuna. An gaya wa mai mashin ɗin, ya ce a lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Madalla, ga shi an lallaɓa.

Kar wani ya juya min magana, ni ban ce faci haramun ba ne. Ƙusa ta shiga tsakiyar taya, inda take taka ƙasa, wannan aikin mai faci ne kuma babu komai a ciki. A zare tub, a hura, a tsoma a ruwa a ga inda kumfa ke fita, a kankare wurin a shafa gam a jira ya sha iska kafin a manna, sannan a zura hannu cikin tayar a lalubo ƙusar a cire, don da yawa nan suke mantawa sai ka yi tafiya kaɗan ta sake huda sabon facin. In tubles ce, wato marar tub a ciki, a cusa igiyar robar toshe huji ka isa gida, daga baya a buɗe a yi mata na ciki. Wannan duk daidai ne. Amma gefe? Gefen taya ba a yi masa faci. Wurin siriri ne, kuma shi ne ke lanƙwashewa yana miƙewa duk juyi ɗaya da wili zai yi, zaren da ke cikin robar su ne ke riƙe da nauyinka da na fasinja da buhun da ka ɗaura, in suka tsinke faci iska kawai zai tare, ba zai haɗa zare ba. Ga zafin kwalta da rana tsaka, ga ramukan da ruwa ya rufe. Mai mota in taya ɗaya ta fashe yana da uku, kai biyu gare ka, ta gaba ta tafi kan mashin ya bar hannunka ke nan.

Na san me za ku ce, taya ta yi tsada. E ta yi, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 naira kuma ta faɗi me ya rage da araha a garin nan? Amma abin mamaki tsadar ba ta taɓa hana Alhaji mai mashin karɓar balas ɗinsa, wato kuɗin da mai hawa ke kai masa, cif kowane dare ba, ko ruwa aka wuni ana yi. Kuɗin tikitin agbero, 'yan kamashon tasha, ma kullum ana samu. Sai an zo kan taya ne talauci ke sauka. Wani kuma har da ce min wai tun da gwamnatin Legas ta Sanwo-Olu ta hana okada a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu a 2022, ko yaushe jami'an tas fos na gwamnati na iya kama mashin a murƙushe, don me zai zuba kuɗi a sabuwar taya. Kai jama'a! Wato saboda kana tsoron asarar mashin ɗinka Boxer sai ka sa ɗan mutane ya yi jinginar ƙafarsa. Masu cewa "mun shekara muna hawa haka ba abin da ya faru" kuwa ba ni da lokacinku yau.

Ku kuma ƙannena masu hawa, don Allah da gaske nake wannan. Ka baro iyayenka a Arewa ka zo neman halal, ba wanda zai yi jinyarka a Legas yadda uwarka za ta yi. In taya ta tsage a gefe, ko ta kumbura, ko ta suɗe har zanenta ya ɓace, ka ajiye makulli ka ce a saya, in ya ƙi ka bar masa kayansa. Kuma in za a saya kar a ruɗe ka da tokumbo, wato tsohuwar tayar waje, mai sheƙin baƙin mai, ka duba gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. 'Yan Road Safety shekara huɗu suke cewa daga ranar da aka ƙera ta, ko ba a taɓa hawa ba roba tana bushewa.

Su ma masu facin da nasu laifin, mutum ya hura maka iska ya danna da babban yatsa ya ce ta yi, yatsanka geji ne? Shi ya sa na sayi nawa ɗan ƙarami nake yawo da shi a aljihu, shi ma wani ya ara ranar Juma'a a bakin masallaci har yau shiru. Ka san kanka, kana kuma karanta wannan, ka kai min shi wurin mai shayi kafin Isha'i.