Wanda bai zauna ba, bai ga Amphawa ba

Tun daren jiya ake ta turo min bidiyon wani Alhaji da ya je Amphawa, garin kasuwar kan ruwa a ƙasar Tailan, ya ce babu abin gani a can, kowa da tambayarsa: wai da gaske ne abin da bawan Allahn nan ya faɗa? To bari in ba da amsa a nan kowa ya gani, don na gaji da maimaita ta ɗaya bayan ɗaya. Ba gaskiya ba ne. Kuma abin ya ɓata min rai ƙwarai.

Mutum ya sauka daga mota da hantsin Asabar, ya hau gada, ya ɗaga waya sama, ya nuna ruwa ya ce wa dubban mutane wai ga kwatar da ake ruɗarsu da ita. Ya ce babu kasuwa, babu jiragen ruwa, sai tsofaffin gidajen katako da shagunan kofi masu cin kuɗin baƙi. Kafin azahar ya kama hanyar Bankok. Ko kujera bai ja ba. Ko ruwan sanyi bai saya ba. Amma ya dawo Pratunam, unguwar 'yan kasuwa a Bankok, yana yanke hukunci a kan garin da mutane suka yi ɗaruruwan shekaru suna rayuwa a cikinsa. Haba Alhaji! Da girmanka?

Bai zauna ba. Wannan ita ce maganata daga farko har ƙarshe, kuma duk wanda zai zo min da wata magana ya fara amsa min wannan.

Ya ce babu kasuwa. Yaya za a yi ya ga kasuwa? Kasuwar kan ruwa ta Amphawa ta yamma ce. Juma'a, Asabar da Lahadi take ci, tana fara ɗaukar harama bayan rana ta karya, ta cika da la'asar, ta kai dare. Duk direban da ke ɗaukar fasinja zuwa Samut Songkhram, lardin da Amphawa take, ya san haka, tambaya ɗaya ta isa. Wadda ke ci da safe ita ce ta Damnoen Saduak, can lardin Ratchaburi, kan hanyar ruwan da aka haƙa zamanin Sarki Rama na 4, daga 1866 zuwa 1868. Wurare biyu ne daban, lokutansu daban. Ya je da hantsi wurin da ake zuwa da yamma, sannan laifin ya zama na gari?

Sai maganar ruwa, wadda ta fi ci min rai. Wai kwata. Ruwan da ke cikin hanyar ruwan Amphawa na kogin Mae Klong ne, wanda ya taso tun daga lardin Kanchanaburi, inda kogunan Khwae Yai da Khwae Noi suka haɗu, ya gangaro ya faɗa tekun Tailan a nan lardin. Kogin da ya yi wannan tafiya yana ɗauke da laka dole ya yi launin ƙasa. Kuma saboda teku na kusa, ruwan yana cika yana janyewa. Alhaji ya tarar da shi a janye, taɓo ya fito, ginshiƙan gidaje tsirara, shi ke nan ya ga abin ɗauka. Da ya ja kujera ya zauna, da idonsa zai ga ruwan yana dawowa, yana hawa matakalar siminti ɗaya bayan ɗaya har ya rufe baƙin zanen da ya bari jikin katako. Mutanen lardin da kansu suna kiran ƙasarsu mai ruwa uku: na daɗi, na gishiri, da gaurayen da ke tsakani. A kan wannan ruwa gonakin kwakwarsu suke, a kansa kifinsu yake, a kansa aka gina garin gaba ɗaya. Shi ne wani ya kalla minti kaɗan ya kira kwata.

Na san za a ce ai akwai leda da robar ruwa suna yawo a kai. Akwai, na gani. Wace kasuwa ce dubban mutane za su cika ta a ƙarshen mako a rasa shara? Wannan ba hujja ba ce, ku kawo wata.

Ni dai ga abin da na gani, saboda na zauna. Shagunan kofin da yake zagi, yawancinsu gaban gidajen mutane ne. Gidaje ne na katako a jere, jikin juna, fuskarsu na kallon ruwa, da siririyar hanyar ƙafa a gabansu. An zare ƙyauren gaba, an sa tebura uku ko huɗu, wani lokacin ma tabarma da ɗan gajeren tebur a bakin dakali, ƙafarka na lilo saman ruwa. A wanda na fi daɗewa, wata dattijuwa ce ke haɗa kofin irin na da. Matatar ƙyalle ce doguwa, ta yi baƙi saboda aiki, tana riƙe da ita ta mariƙin ƙarfe, tana ɗaga butar tana zuba tafasasshen ruwa daga sama. Madarar gwangwani mai kauri na kwance a gindin kofin gilashi, kofin ya hau kanta bai gauraya ba, sai ka sa cokali da kanka. In baƙi kake so da ƙanƙara, oliyang suke ce masa. A bayanta kana hango cikin gida: hotunan iyayenta a bango, tsohon agogo, jikanta a kwance yana aikin makaranta. Ba ta jin Turanci, ni kuma yarensu sai 'yan kalmomin ciniki, amma da ta ga rana ta juyo kaina, ba ta ce komai ba ta zo ta matsar min da fanka.

Wannan matar ce ake cewa tana cin kuɗin baƙi. Tsakani da Allah, kofin da muke sha a manyan kantunan Bankok, muna tsaye, muna duba agogo, wa ya taɓa yin bidiyo a kansa?

Eh, akwai sababbin shaguna na 'yan gayu, masu na'urar sanyaya ɗaki da kek mai tsada da kusurwar da aka ƙawata don hoto kawai. Na shiga wasu, ban daɗe ba. Ba wanda ya ɗaure ka a can. Taku kaɗan gaba akwai na dattijuwa. Amma kafin ka bambance wannan da wancan sai ka yi tafiya a ƙafa, ka leƙa, ka zauna. Daga kan gada duk ɗaya suke.

Da la'asar ta yi sai kwale-kwale suka fara shigowa suna jeruwa a gindin matakala. Mata ne galibi, da faffadar malfa, kowace da murhun gawayi a cikin jirginta. Jatan lande manya-manya, ƙaguwa, kifi, ana gasawa hayaƙi na tashi. Kai kana zaune a matakala, ka nuna abin da kake so, a miƙo maka faranti hannu da hannu, wata ma da kwando a bakin doguwar sanda, ka sa kuɗi a ciki ya koma. Yajinsu na kore da lemon tsami da tafarnuwa sai mai ƙarfin hali. Duk wannan ya faru a daidai wurin da Alhaji ya nuna ya ce babu komai. Awanni kaɗan ne tsakani.

Masu cewa ai Musulmi ba shi da abin ci a can, ku ma ku saurara. Gaskiya ne naman alade ya yi yawa a abincin ƙasar nan, har a romon taliya, kuma wasu shagunan suna sayar da giya da dare. Wannan ba sabon labari ba ne ga duk wanda ya taɓa kwana a Bankok. Ka bar taliyar, ka ci abin da aka gasa a gabanka daga ruwa zuwa wuta, ka sha ruwan kwakwa, ka ci 'ya'yan itace. Shagon da ka ga kwalabe ka wuce. Dardumarka na jaka, kai matafiyi ne, ka yi sallarka a masauki. Mu da muke zuwa har Guwanzu sarin kaya ba mu mutu da yunwa ba, sai a garin da kifi ya fi komai yawa?

Abin da ke damuna ya wuce bidiyo ɗaya. Mun ɗauki wata ɗabi'a ta zuwa wuri don a ce mun je. A shiga shago, a ɗauki hoto da kofin da ba a sha ba, a fita, a shiga na gaba. Na ga masu yin haka da yawa ranar, 'yan Bankok da Turawa da namu. Wata ƙungiya ta shigo shagon dattijuwar nan, suka tsaya a ƙofar ɗakinta suna hoto, ɗaya har ya jingina da hoton mahaifinta, suka fita ba su sayi ko alewa ba, ba su gaishe ta ba. Ta bi su da ido kawai. Mai yabon wuri don hoto da mai zaginsa don bidiyo duk tafiyarsu ɗaya: babu wanda ya zauna, babu wanda ya tuna gidan mutane ya shigo. A tarbiyyarmu, ko ruwa ka roƙa a ƙofar gida sai ka yi sallama ka tsuguna.

Kuma wannan gaggawar tana da illa ta zahiri. Da dare ana ɗaukar baƙi a jirage masu inji zuwa kallon ƙwarin nan masu haske da ke taruwa a bishiyoyin lamphu na bakin kogi, suna kunnawa suna kashewa tare kamar an ba su umarni, musamman a damina. Abin kallo ne, ba musu. Amma jirage sun yi yawa, ƙarar inji ta hana mazauna bakin kogi barci, har wasu suka sare bishiyoyin da ke gaban gidajensu don a daina zuwa. Dubi inda son a gani a wuce ya kai mutane: mai gida ya sare bishiyarsa da hannunsa don ya samu barci.

Gidajen katakon da aka raina kuwa, su ne dukiyar garin. Lokacin da tituna suka zo, ciniki ya bar ruwa ya koma kan kwalta, kasuwar ta mutu, matasa suka tafi Bankok neman aiki. A 2004 aka farfaɗo da ita, aka gyara gidajen maimakon a rushe su, har UNESCO ta karrama unguwar bakin ruwan a 2008 saboda adana gine-ginenta. A garin nan aka haifi Sarki Rama na 2, wanda ya yi mulki daga 1809 zuwa 1824, sarkin da suke tunawa da waƙa da adabi, ga lambun tunawa da shi nan taku kaɗan daga kasuwa. Samut Songkhram ce mafi ƙanƙanta a lardunan Tailan, amma ba su ɗauki kansu ƙanana ba. Mutane sun yi shekaru suna tattalin abinsu, wani ya zo ya shafe shi da bidiyon minti biyu.

Wani ya rubuto min cewa ai ra'ayinsa ne, kowa da nasa. Ra'ayi a kan me? In ya zauna ya sha kofin ya ce bai yi masa daɗi ba, wallahi ba zan ce uffan ba. In ya kwana ya ce sauro ya dame shi, zan ce gaskiyarsa, akwai sauro. In ya ce cunkoson daren Asabar ya yi yawa, har ba ka iya ɗaga ƙafa a kan gada, zan sa masa hannu. Amma ba ka da ra'ayi a kan abincin da ba ka ɗanɗana ba.

Ku kwana, shi ne shawarata ga duk ɗan'uwan da ya gama lodin kaya ranar Juma'a yana jiran jirgin Litinin. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 daga Bankok ba. Akwai gidajen da ke karɓar baƙi a bakin ruwan. Bayan sallar asuba ka fito dakali, garin da ya cika maƙil jiya ya koma na masu shi. Mata na wanke tukwane, wani tsoho na ɗaure jirginsa, sufayen addinin Buddha cikin rawayen mayafi suna tuƙa ƙananan kwale-kwale gida-gida, mutane na durƙusawa a matakala suna zuba musu abinci. Addininsu ne, ba namu ba, ka kalla da mutunci, kada ka cusa musu waya a fuska. A lokacin ne shagunan kofin suka fi daɗi, babu kowa sai kai da mai shago.

Af, tunda an zo nan: masu tambayata sukarin kwakwar da na sa a hoto shekaranjiya, a can na saye shi. Daga furen kwakwa ake tatsar ruwan, a rataya masa gwangwani ya kwana yana ɗiga, da safe a haɗa a dafa a manyan kasake har ya yi kauri, a zuba shi dunƙule-dunƙule ya daskare. Kusan mazarƙwailarmu, sai dai ya fi ta laushi da ƙamshi. Na gwada shi a kunun gyaɗa, ya yi. In za ku saya ku nemi na gonaki wajen Tha Kha da ke kusa da Amphawa, ku ɗanɗana kafin ku biya, don wasu na gauraya shi da farin sukari. Kuma in za ku dawo ranar Lahadi ku taso da wuri, titin Rama na 2 da ake bi zuwa Bankok da yamma ba ya motsi.