Karambit mai naɗewa ba ta filin atisaye ba ce

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku a kan wuƙar nan mai lanƙwasa da zobe a gindin ƙota, wadda samari ke wulwulawa a yatsa suna ɗora bidiyo a TikTok. Karambit ake ce mata. Asalinta daga mutanen Minangkabau ne na yammacin Sumatra a Indonesiya, kuma a bakinsu daga farcen damisa aka ɗauko siffarta. Da farko kayan gona ce, tamkar ɗan ƙaramin lauje, kafin ta shiga silat, wasan kare kai na yankin wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2019. Daga nan ta haura Filifin wajen masu kali, wasan kare kai na can. Yaranmu kuwa galibi a wasan bidiyo na Counter-Strike suka fara ganinta, ko a fim ɗin The Raid 2 na 2014.

Matsayina a fili yake: mai kaifi ba ta da gurbi a wajen koyo, balle mai naɗewa.

Ta gargajiya ba ta naɗewa, babu gaɓar da za ta saki. Mai naɗewa ta zamani ce, kamfanoni irin su Emerson na Amurka suka yayata ta. To ku duba yadda ake riƙonta. Manuniya na cikin zobe, bakin wuƙar ya fito ta ƙasan dunƙulen hannu, sauran yatsu uku kuma sun kwanta daidai a kan ramin da kaifin ke komawa idan an naɗe. Abin da ya raba yatsunka da kaifin nan 'yar siririyar sakata ce a cikin ƙota. A atisaye kuwa ana saƙalo hannu, ana murɗawa, ana tare duka, wani lokacin bayan wuƙar ya bugi abu. Bugun baya shi ne ainihin ƙarfin da ke rufe ta. Sakata ta zame, wuƙa ta rufe a kan ƙaramin yatsa. Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu dab da fata suke. Idan ɗaya ta tsinke sai an yi tiyata, a yi watanni ana motsa hannu, kuma wani yatsan ba ya komawa yadda yake har abada. Ga ɗinki, ga rubutu, ga riƙon kan babur, duk da hannun nan ake ci.

Masu arha da ake yo oda ta intanet sun fi muni, don kusar gaɓarsu kan yi sako-sako tun ba a je ko'ina ba.

Zoben ma ba don wulwulawa aka yi shi ba. An yi shi ne don kada wuƙar ta suɓuce daga hannu mai gumi ko laka. Amma riƙon da yake yi maka shi ne tarkonsa: abokin atisaye ya murɗe wuyan hannunka zai ƙwace, yatsa na ciki, sai karaya ko gocewar ƙashi. Wajen wulwulawa kuma tsinin kan dawo ya sari hannun mai ita, dab da jijiyar jini.

Wasu za su ce ai sai da ta gaske ake cire tsoro. Ban yarda ba. Da mai kaifi ba ka iya kai hari da gaske, abokinka ma ba ya iya karewa da gaske, kowa na lallaɓawa, sai ku koyi motsin ƙarya. Masu koyarwa na ƙwarai da ta katako, ko ta roba, ko ta alminiyam mai dakusasshen baki suke aiki, da tabarau na kare ido. Ku shafa alli a bakinta, ku sa baƙaƙen riguna, ku kara na ɗan lokaci, sannan ku tsaya ku dubi juna. Kusan kullum dukkanku za ku ga farin layi a damtse, a ciki, har a wuya, wanda yake ganin ya yi nasara ma bai tsira ba. Duk wanda ya ga wannan da idonsa, sha'awar faɗan wuƙa takan fita daga ransa, kuma ni abin da nake fata ga ƙannenmu ke nan.

Mai son koyon zaro ta daga aljihu, akwai mai naɗewa ta atisaye, marar kaifi marar tsini, ita zai nema. Yawo da mai kaifin kuwa wata rigima ce daban. A Ingila, fita da wuƙa mai sakata ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne a ƙarƙashin dokar 1988. A Kano ko Kaduna kuma, 'yan sanda suka lalubo ta a aljihunka da dare, ɗan daba za su kira ka, babu mai sauraron zancen silat.