Sun buga "bakin Allah" a maimakon "baƙin Allah", kuma ni aka ɗora wa laifi

Shekarata shida ke nan ina fassara da gyaran rubutun Hausa a wani babban kamfanin buga littattafai a nan Jidda, kuma wallahi tura ta kai bango. Daga watan Shawwal ba mu da hutu, domin littattafan aikin Hajji dole su fito kafin jiragen farko su sauka a watan Zulƙida. Kujeru 95,000 aka ba Najeriya a 2023, ga na Nijar da Gana. Kamfani ya san kasuwa ce mai tsoka, amma mutum ɗaya tal ya ajiye wa Hausa, ni ke nan: ni ne mai fassara, ni ne mai duba kuskure, ni ne mai bin aiki har maɗaba'a.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na bana. Na miƙa aiki tsaf, mai tsara shafuka ya canza nau'in haruffa zuwa wanda ba ya ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ. Bai san Hausa ba, ban ga laifinsa ba. Laifin na wanda ya hana ni ganin gwajin ƙarshe ne, wai lokaci ya ƙure. Littafi ya fito, na buɗe shafin farko, inda na rubuta "baƙin Allah" sai ga "bakin Allah". Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ƙarya ta koma karya, ɗawafi ya rasa lanƙwasarsa tun daga farko har ƙarshe. Tsoho ya sayar da gonarsa ya zo sauke farali, wannan za a danƙa masa? Da a bugun Larabci aka rasa ɗigo ɗaya, da an tsayar da inji nan take. Da ƙorafi ya zo daga masu rarrabawa, mudir, wato manajanmu, ya kira ni gaban jama'a yana faɗa, ya sa aka rubuta mini takardar gargaɗi. Sunana ba ya jikin littafin, sai a takardar gargaɗin.

Batun kuɗi ma haka. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce awa 8 a rana, 48 a mako, a Ramadan awa 6 ga Musulmi, abin da ya haura kuma a biya da ƙarin rabi. Mu fa? Sai mu kai ƙarfe goma sha ɗaya na dare a ofis, in ka yi magana a ce aikin lada ne, hidimar addini ce. Su da suke sayar da littafin riyal suke karɓa. Ni kuwa duk wata riyal 400 nake biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamata (takardar izinin zama a ƙasar nan), mata da yara uku, 1,600 ke nan kafin haya, hayar da ta yi tashin gwauron zabo tun da aka rushe unguwanni irin su Sabil da Karantina.

Wani dattijo da muke sallar Asuba tare ya ce mini, "Malam, ai tun 2021 an sassauta, in ka cika shekara kana iya canza wurin aiki ta shafin intanet na gwamnati mai suna Qiwa ba sai kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ya yarda ba." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma kamfani nawa ne ke neman mai fassarar Hausa?" Sun san da haka, shi ya sa suke taka mu.

Na rubuta musu a rubuce cewa ba zan ƙara taɓa wani aiki ba sai an yarda in duba gwajin ƙarshe in sa hannu, kuma a janye wancan bugun. Yau kwana tara ba amsa, littattafan kuma suna can cikin kwalaye ana lodinsu zuwa Makka da Madina.