Yadda Takalmin Keke Ya Kayar da Ni a Gaban Jama'ar Rubavu

Tun da na dawo daga Ruwanda babu wanda ya tambaye ni ko na kammala gasar da ta kai ni. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya ce mini yaya gwiwa, sannan ya kawar da kai yana danne dariya. Shi ya sa na ga gara in bayar da labarin da kaina, domin wanda ya riga ni bayarwa, wato ƙanin maiɗakina da kuka sani, ya taƙaita wahalar sa'a takwas cikin bidiyo na daƙiƙa goma sha huɗu.

Gasar ita ce wadda ake kira Ironman 70.3, kuma a shekarar 2022 aka fara yin ta a garin Rubavu, a bakin tafkin Kivu. Mutum zai yi ninkaya ta kilomita 1.9, ya fito ya hau keke ya yi kilomita 90, ya sauka ya yi gudun kilomita 21.1, duka cikin sa'a takwas da rabi. Wannan ma rabi ce, domin cikakkiyar da aka fara a tsibirin Oahu na Hawai a 1978 ninkinta ce. Na yi wata bakwai ina shiri. Ninkaya na koya a wurin wankan wani otal mai tsawon mita 25, keke kuwa a hanyar Wudil nake tuƙawa bayan sallar asuba, inda babu wani tudun kirki sai gada. Sau ɗaya na je madatsar ruwa ta Tiga da niyyar gwada ruwa mai faɗi, na tsaya na dube shi da kyau, na sayi kifi na dawo gida.

Saura mako biyu tafiya aka ba ni shawarar in sayi takalmin tseren keke. Shi wannan takalmi yana da wani ɗan maƙali a ƙarƙashinsa da yake shiga cikin feda ya kulle, ta yadda ƙafa da keke za su zama abu guda, kuma ba ya saki sai an murɗa diddige waje. Da na kai wa mai gyaran kekena ya ɗaura mini fedar, ya jujjuya takalmin a hannunsa ya ce, “Alhaji, kai da kuɗinka za ka sa a ɗaure ka?” Na yi masa bayanin cewa haka ƙwararru suke yi. Bai ƙara cewa komai ba, ya karɓi kuɗinsa.

Abin da nake tsoro shi ne ruwa, kuma ruwan bai yi mini komai ba. An tabbatar mini cewa babu kada a Kivu, sai dai zurfinsa ya haura mita 400, kuma a can ƙasansa akwai iskar gas da har ake haƙowa ana samar da lantarki, labarin da ban ga amfanin a ba mutum shi ana gobe zai shiga ruwan ba. Na ɗan saki hanya na nufi wajen Goma, sai wata mata a cikin ƙaramin kwalekwale ta nuna mini daidai da filafilinta, ta cece ni daga shiga Kongo babu biza. Na fito cikin minti 58, alhali an ba mu sa'a ɗaya da minti goma. A kan keke ne na gane dalilin da ya sa ake kiran Ruwanda ƙasar tuddai dubu. Tafkin kansa yana bisa tsayin kusan mita 1,460 daga teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, don haka numfashina ya riƙa yankewa tun a hawan farko. Yara a bakin hanya suna ta ce mini “komera”, wato in yi ƙarfin hali, ni kuwa ina ta sauya giya ina neman wadda ta fi sauƙi, alhali tuni ina kan ta ƙarshe.

Duk da haka na gama kilomita casa'in ɗin nan, kuma da na hango wurin ajiye kekuna wani irin alfahari ya kama ni. Akwai layi da aka shata a ƙasa wanda doka ta ce dole a sauka daga keke kafin a tsallake shi, kuma a daidai nan 'yan kallo suka fi taruwa, ga masu ɗaukar hoto, ga alƙalan gasa, ga kiɗa yana tashi. Na gyara zama a kan sirdi, na daidaita tabarau, har na saki hannu ɗaya na ɗaga wa jama'a, su kuma suka amsa da tafi. Na matsa birki a hankali yadda na ga ana yi, keken ya tsaya cif a bayan layi, babu ko taku ɗaya na kuskure. Daga nan na aika wa ƙafar dama saƙo cewa ta sauka ƙasa, sai ta ƙi zuwa.

Ban san tsawon lokacin da keke yake iya tsayawa da kansa ba tare da ya motsa ba, amma a wurina ya isa in yi tunani da yawa. Na tuna cewa murɗa diddige ake yi, sai dai jikin da ya shekara arba'in yana sauka daga keke ta hanyar ɗaga ƙafa ba zai sauya hali a cikin daƙiƙa biyu ba. Na fizgi ƙafar sama, takalmin ya riƙe. Na fizgi ta hagu, ita ma haka. Na tuna fuskar mai gyaran kekena. Keken ya fara karkata zuwa dama a natse, kamar bishiyar da aka gama sara, kuma na ga wani alƙalin gasa ya miƙo hannu daga nesa, yana bin faɗuwata da ido da baki a buɗe. Har na sami sararin yin salati cikakke. Abin da ya fi ƙona mini rai idan na kalli bidiyon shi ne hannun nan da na ɗaga wa jama'a bai sauko ba, don haka na tafi ƙasa ina gaisuwa.

Na faɗi a kan kafaɗa da gwiwa, keken yana tsakanin ƙafafuna, tayar baya tana juyawa a sama, gorar ruwana ta gangara ta tsallake layin ita kaɗai. Tafin ya tsaya cak. Da a ce na tashi nan take da abin ya zo da sauƙi, amma har a lokacin ƙafafuna biyu suna kulle, ga shi wanda yake kwance a kan gefensa ba shi da wurin murɗa diddige. Na yi ta shure-shure kamar ragon layya, keken yana bin duk inda na juya. Wata tsohuwa Baturiya da ta iso bayana, wadda a ƙiyasina ta kusa haihuwata, ta zare ƙafafunta tun daga nesa, ta sauka a guje, ta kewaye ni kamar an ajiye buhu a hanya, har ta sami damar tambayata ko lafiya. A ƙarshe sai da na kwance takalmin dama na zare ƙafata daga ciki, na miƙe da safa a ƙafa ɗaya, takalmin yana lilo a jikin feda. A nan ne jama'a suka dawo da tafi, kuma wannan tafin na biyu ya fi faɗuwar ciwo.

Shi kuwa ƙanin maiɗakina, wanda na biya wa kuɗin jirgi da masauki, na kuma zauna kusa da shi cikin mota sa'a uku daga Kigali yana barci a kafaɗata, yana tsaye bai fi taku biyar daga inda na faɗi ba. Aikin da aka ɗauko shi ya yi shi ne ya kula da ni, haka yayarsa ta ce masa a gabana. Bidiyon da ya ɗauka bai girgiza ko sau ɗaya ba, har ma ya matso da hoton kusa a daidai lokacin da nake shure-shure, wanda ke nuna cewa hankalinsa a kwance yake. Da na tuhume shi da yamma sai ya ce, “Yaya, ai kai ka karanta mini dokar da bakinka, ka ce duk wanda ya karɓi taimakon ɗan kallo za a iya fitar da shi daga gasa. Ni ceton ka na yi.” Dokar gaskiya ce, kuma ni na karanta masa ita a jirgi, abin da ya sa na rasa ta cewa ke nan. Amma babu inda dokar ta ce a aika bidiyo zuwa zauren WhatsApp na dangi tun kafin mai shi ya kakkaɓe jikinsa, kuma babu inda ta ce a sa masa kiɗan kalangu. Ya ce ba shi ya sa kiɗan ba. Na san wanda ya sa, kuma shi ma akwai ranar da zai zo neman aron mota.

Gudun kilomita 21.1 na yi shi da gwiwa mai jini, rabi gudu rabi tafiya, ina cin ayaba a kowane wurin shan ruwa. Na tsallake layin ƙarshe cikin sa'a takwas da minti goma sha tara, aka rataya mini lambar yabo mai nauyi. Wannan ɓangaren babu shi a bidiyo, domin a cewarsa cajin wayarsa ya ƙare.

Surukata ta kira ni bayan kwana biyu, muka gaisa, ta yi mini barka da arziki, sannan ta ce ita dai abin da ba ta gane ba shi ne me ya sa ban sa ƙafa a ƙasa ba. Na fara yi mata bayanin maƙalin da fedar, sai na ji ta ce wa wani a gefenta a sake kunna mata. Takalmin yana nan a saman kabad, lamba 43, sau huɗu kawai aka sa shi.