Ku Ƙyale Mai Kilt Ya Sarara

Wai shin wa ya naɗa wasu mutane alƙalan kilt a Sikotiland? Da zarar namiji ya ɗaura wannan zanen ulu zai je ɗaurin aure a Edinbura, sai masu gyara su yi masa caa kamar ƙudaje sun ga mangwaro: wannan ya ce zanen ya wuce tsakiyar gwiwa, wancan ya ce jakar fatar da ke gaba ta zazzago, wani ya tsugunna yana leƙen 'yar wuƙar cikin safa, wani kuma ya tsare shi da tambayar ko launin na zuriyarsu ne, alhali raba launuka ga dangi sai a ƙarni na 19 ya kankama. Tufafin da gwamnatin Birtaniya ta haramta a 1746, aka ɗage haramcin a 1782, shi ne kowane ɗan kallo zai kafa wa tasa dokar yau? Wa ya tambaye su? Ango yana tsaye, gumi yana karyo masa cikin yadi takwas na ulu, me ya kawo lacca kan tsawon safa a gaban surukansa?