Kuɗin Soto daban, na Ohtani daban

Wani marubuci ya ce kwantiragin ɗan wasan besbol Juan Soto da ƙungiyar New York Mets, dala miliyan 765 na shekara 15, kaɗan ya ɗara na Shohei Ohtani, wanda shi ma ɗan wasan besbol ne. Haba! Cikin miliyan 700 ɗin da ƙungiyar Dodgers ta rubuta wa Ohtani a 2023, ai miliyan 680 bashi ne da yake bin ƙungiyar, sai 2034 za a fara biya, kuma babu kuɗin ruwa a kai. Miliyan 2 kacal yake karɓa a shekara. Soto kuwa ko sisi ba a jinkirta masa ba. Kai kuma malam da ke cewa kuɗi ne ke sayen kofi a wasan besbol, me ya hana Mets ɗin ko shiga zagayen neman kofi a 2025?